Yadda ake zaɓen gam ɗin efoksi da gyaran kwale-kwalen faiba idan ya bugu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan bayanin na masu kwale-kwalen faiba ne, masunta da masu fito da ke aiki a Tiga ko Challawa ko Watari ta Bagwai ko can bakin kogin Wudil, da kuma matasan da ke son koyon gyaran don su samu na kansu. Mu nan cikin birnin Kano muke amma aikin yana zuwar mana, wani a ɗoro jirgin a mota a kawo, wani kuma mu bi shi har bakin ruwa. Abin da nake yawan gani shi ne mutum ya bugi kututture ko dutse, ya shiga kasuwa ya ce a bashi gam mai ƙarfi, a miƙo masa wannan ƙaramin mai bushewa a minti biyar, ya shafa ya koma ruwa, bayan 'yan kwanaki abin ya ɓanɓare ya dawo yana cewa ai faiba bata gyaruwa. Tana gyaruwa sarai, gam ɗin ne ba nata ba, kuma ba a shirya wajen ba.

Kafin komai ka tabbatar jirgin naka faiba ne ba roba ba. Leƙa ta ciki inda babu fenti, idan faiba ce zaka ga zare-zaren gilashi a cikin jikin, in ka kankara kuma farin gari ne zai fito. Idan roba ce irin ta tankin ruwa, jikin na da santsi kuma in ka yanka da wuƙa ɓawo yake fitowa ba gari ba, toh wannan efoksi na gama-gari baya kama shi, sai dai waldar roba, kar ka ɓata kuɗinka.

Kayan da zaka tanada

Gam ɗin efoksi mai ruwa biyu, wato rezin da hadina mai sa shi daskarewa. Ƙyallen faiba saƙaƙƙe. Garin kauri da za a zuba a gam. Sanfefa lamba 80 da 120 da 220. Asiton ko tina mai kyau, da tsumma fari mai tsafta. Sirinji biyu manya na kemis, ɗaya na rezin ɗaya na hadina. Kofunan roba, sandar juyawa, ƙaramin burushi, almakashi, salatif na takarda, leda mai kauri. Safar hannu, takunkumi da tabarau. In akwai injin gurza falillahil hamdu, in babu ka naɗe sanfefa a jikin guntun katako, hannu zai yi, lokaci kawai zai ci. Fenti na ƙarshe. Yawancin kayan nan zaka same su wajen masu sayar da fentin mota da kayan fanal bita a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, efoksin jirgi na asali ne kawai wani lokaci sai anyi oda daga Legas.

Zaɓen gam ɗin, nan ne aikin yake

Yawancin jiragen faiba da rezin ɗin foliyesta aka zuba su, shi ne wanda masu gyaran bamba suke amfani da shi, mai wari mai ƙarfi da ake ɗiga masa ruwan katalis kaɗan, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Yana da arha kuma ko'ina akwai shi. Matsalarsa ita ce yana da kyau wajen zuba sabon abu amma baya riƙe tsohuwar faibar da ta riga ta bushe kamar yadda efoksi ke riƙewa, sannan yana tsukewa in yana bushewa, kuma ruwa na ratsa shi a hankali fiye da efoksi. Shi yasa ni duk raunin da ke ƙasan layin ruwa, wato sashen da ke nutsewa a ruwa, efoksi nake sa wa, ko da kuwa mai jirgin zai yi ƙorafin kuɗi. In saman jirgi ne inda ruwa baya zama, kuma aljihu ya yi ƙasa, foliyesta zai wadatar.

Amma efoksin ma kala-kala ne. Akwai na minti biyar, irin ƙananan tub biyu da ake sayarwa a kati, wannan na gyaran kofi ne da hannun tukunya, in ya daɗe a ruwa laushi yake yi ya saki, kuma kafin ka jiƙa ƙyalle da shi ya daskare. Akwai Araldite mai bushewa a hankali, wanda ake haɗawa ɗaya da ɗaya, wannan ya fi, ga ɗan ƙaramin rami ko kwarzane zai yi aiki in babu wani, amma yana da kauri baya shiga ƙyalle da kyau. Akwai na ƙullu mai kamar sanda da ake murzawa da hannu, wasu ma suna kamawa a jiƙe, shi wannan ka ajiye shi cikin jirgi don ko-ta-kwana, ya toshe maka ɓula ka iso gaɓa, amma kar ka ɗauke shi gyara na dindindin. Akwai kuma wanda ake zubawa a kan tebur ko daɓen ƙasa don ƙyalli, yanzu ya yawaita a gari, shi don ado aka yi shi, yana daɗewa bai bushe ba kuma zuba yake a jikin da ke tsaye, ban ba ka shawararsa ba.

Wanda kake nema shi ne efoksin jiƙa ƙyalle, mai ruwa-ruwa, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na jirgin ruwa ne ko na shimfiɗa faiba. Misalin da aka fi sani a duniya shi ne West System na Amurka, rezin ɗinsu lamba 105, sai hadina 205 mai sauri da 206 mai jinkiri, duka biyun ana haɗa su kashi 5 na rezin da kashi 1 na hadina, sai kuma 209 mai jinkiri sosai wanda aka yi shi don wuraren zafi, shi kuma 3 da 1 ne. Ba wai dole sai wannan kamfanin ba, na kawo shi ne don kaga yadda ake karanta gwangwani. Duk wanda ka samu ka duba abu biyu, ma'aunin haɗi da kuma minti nawa yake ɗauka kafin ya fara daskarewa a kofi. A Kano mai jinkiri zaka nema. Lokacin da suke rubutawa a gwangwani galibi na zafin digiri 22 zuwa 25 ne, mu kuma a watan Afrilu muna kaiwa 40, kuma duk ƙarin digiri 10 kusan rabin lokacin yake cinyewa. Kaga hadina mai sauri da aka ce minti 10 ko 12, a bazararmu kafin ka gama juyawa ka gyara tsayuwa ya fara ɗumi a hannunka.

In mai shago ya zubo maka a jarka ba takarda ba suna, kuma bai san ma'aunin ba, kar ka kai jikin jirgi kai tsaye. Haɗa kaɗan a murfin kwalba ka bar shi ya kwana, washegari ka danna da farce, in ya yi tauri ƙwarai toh, in yana danƙo ko farce na shiga ka mayar masa da kayansa.

Fotin mota kuma don Allah a bar shi a jikin mota. Yana shan ruwa, a ƙasan jirgi kumbura yake ya faɗo.

Maganar ƙyalle ma tana cikin zaɓe. Wannan tabarmar faiba mai zare a warwatse da masu bamba suke yagawa da hannu, an riƙe zarenta da wani sinadari da foliyesta ne ke narkar da shi, efoksi baya narkar da yawancinsu, sai ka ga ta ƙi kwanciya ta tsaya fari-fari. Da efoksi saƙaƙƙen ƙyalle ake amfani, mai kama da yadi. Garin kauri na asali shi ne silika mai laushi ko yankakken zaren gilashi. In babu, tankaɗe garin katako busasshe da rariya mai laushi sosai, ko ka daddatsa guntayen ƙyallen faiba da almakashi ƙanana-ƙanana ka zuba. Kar ka sa siminti ko yashi ko garin rogo kamar yadda na ga wasu na yi.

1. Duba girman raunin

Fito da jirgin daga ruwa, kife shi a kan tayoyi ko katako a inuwa, ka wanke da ruwa da omo. Sai ka ɗauki kwabo ko bayan sukundireba kana ƙwanƙwasa kewayen wajen. Inda yake lafiya ƙara mai kaifi zaka ji, inda faibar ta rabu a ciki kuma sautin ya mutu, duf-duf. Zagaye duk inda sautin ya mutu da biro, sau da yawa abin da ido ya gani ɗan ƙarami ne amma ɓarnar ciki ta kai tafin hannu. Ka leƙa ta ciki ma, in ka ga wajen yayi fari ko ya tsage toh bugun ya ratsa.

Rauni iri uku ne. Kwarzane ko ɓantarewar fatar waje kawai, wannan cikawa za a yi. Wanda ya shiga cikin zaren, wannan sai da ƙyalle. Sai ɓula da ta fita ɗaya gefen, wannan ƙyalle ne ciki da waje. In kuwa bayan jirgi ne inda ake ɗaura inji, kuma katakon da ke ciki ya ruɓe har wajen na lanƙwasa in ka girgiza injin, wannan ya wuce liƙi, sai an canza katakon, ka nemi wanda ya saba.

2. Busarwa

Efoksi baya shiri da danshi. Faibar da ta tsage tana riƙe ruwa a cikinta ko da waje ya bushe, don haka ka fara goge wajen da asiton, ka buɗe raunin da sanfefa ka bar shi ya sha iska da rana. Da hunturu ko bazara kwana biyu zuwa uku sun isa ga ƙaramin rauni, da damina kuwa sai ka ƙara haƙuri ka sa shi a rumfa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, manna farar leda a kan wajen da salatif ta ko'ina ka bar ta a rana awa biyu, in ka ga raɓa a cikin ledar toh da saura.

3. Gogewa da gurzawa

Sake gogewa da asiton tun kafin ka fara gurza, don kar ka tura maiƙo da man inji cikin kwarzanen sanfefa. Kar ka yi amfani da fetur ko kananzir, maiƙo suke bari. Sai ka sa takunkumi da tabarau da riga mai dogon hannu, ƙurar faiba ƙaiƙayi gare ta kuma bata da kyau a huhu. Ka gurje duk abin da ya yi fari ya mutu har sai ka iso faiba mai lafiya. Ga kwarzane, buɗe shi ya zama kwari mai faɗin baki, kar ka bar shi siririn layi don gam ba zai shiga ba.

Ga wanda ya shiga zare ko ya ɓula, sai ka yi gangare kewaye da raunin, ƙa'idar ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin sau 12. Ma'ana in kaurin jirgin milimita 5 ne, gangaren zai kai santimita 6 ta kowane gefe. Mutane suna jin tsoron wannan matakin, suna ganin kamar ana ƙara ɓata jirgin, amma wannan faɗin shi ne wurin da sabon ƙyalle zai kama tsohon jiki, in babu shi facin a baki kawai yake riƙe, igiyar ruwa ɗaya mai ƙarfi ta isa ta ɓalle shi. Gama da lamba 80, a bar wajen da kaushi, kar a yi masa sumul. Kaɗe ƙurar, sake gogewa da asiton, ka bar shi ya tashi, daga nan kar ka ƙara taɓa wajen da hannu. Zagaye da salatif don kar gam ya ɓata sauran jikin.

4. Yanka ƙyalle tun kafin ka haɗa gam

Ɗora leda a kan wajen ka zana girman gangaren da girman ramin ciki. Yanka ƙyalle falle-falle, na farko girman gangaren gaba ɗaya, na biyu ya ragu da kamar santimita ɗaya ta ko'ina, haka har na ƙarshe ya zama daidai ramin. Ka jera su a bushe ka ga ko sun cike kaurin. In ɓula ce, sa wani abu ta baya ya tokare, kwali mai tauri ko falankin silin da aka lulluɓe da leda, efoksi baya kama leda don haka zai cire cikin sauƙi daga baya.

5. Haɗa gam

Zaɓi lokaci, da sassafe bayan raɓa ta bushe ko da yamma bayan la'asar, a inuwa, ba tsakar rana ba, kuma gwangwanayen ma kar su wuni a rana. Auna da sirinji daidai yadda aka rubuta, ka lura ko ma'aunin na yawa ne ko na nauyi. Kuskuren da ya fi kowanne yawa a nan yake, waɗanda suka saba da foliyesta suna ƙara hadina wai don ya bushe da wuri. A foliyesta ƙarin katalis na sa sauri, a efoksi kuwa ba haka bane, kowane kashi na rezin yana da abokin haɗinsa na hadina, duk abin da ya yi rara haka zai zauna a ciki bai haɗu da komai ba, gam ɗin ya fito da laushi ko danƙo har abada. Kar kuma ka zuba tina don ya yi ruwa, ƙarfinsa kake ragewa.

Juya minti biyu cikakku kana kankare gefen kofin da gindinsa. Haɗa kaɗan-kaɗan, abin da zaka iya shafawa cikin minti goma. Efoksi zafi yake fitarwa in yana kamawa, in ya taru da yawa a kofi mai zurfi zafin ƙaruwa yake har ya yi hayaƙi ya narka kofin, don haka da ka gama juyawa juye shi a faranti mai faɗi, zai ƙara maka lokaci. In ka ji kofi ya ɗau zafi kar ka yi ƙoƙarin ceto shi, fitar da shi waje ka ajiye a kan ƙasa nesa da tsumma da asiton, kar ka shaƙi hayaƙin.

6. Cikawa ko shimfiɗawa

Ko wane irin rauni ne fara shafa gam tsurarsa siriri da burushi ya jiƙa wajen. Ga ƙaramin rami, zuba garin kauri a sauran gam ɗin kana juyawa har ya yi kauri kamar tunkuza, ya zama in ka ɗaga sanda baya zuba. Danna shi cikin ramin da kyau da katin roba, tsohon katin ATM ma yana yi, ka bar shi ya ɗan fi jikin tudu kaɗan. Ɗora leda a kai ka lallatsa ka manne da salatif, zai bushe sumul kuma ƙurar hunturu ba zata zauna a kai ba.

Ga mai ƙyalle, ɗora falle mafi girma da farko, ka riƙa danna burushi a kai ba ja ba, har farin ƙyallen ya ɓace ya zama garai-garai kana ganin ƙasa. Sai na biyu, sai na uku, a jere tun gam na ɗanye. Duk inda ka ga fari ko kumfar iska ka danne ta ta fita ta gefe. Kar ka yi ambaliyar gam, ƙarfin a zaren yake, gam riƙe shi kawai yake, in ya yi yawa ƙyallen iyo yake yi a ciki facin ya zama mai saurin karyewa. In kaurin na da yawa, kar ka wuce falle huɗu ko biyar a zama ɗaya a wannan zafin namu, bari ya fara kamawa sannan ka ci gaba. Rufe da leda ka matse rarar gam da kati daga tsakiya zuwa baki. In ɓula ce, bayan na waje ya kama cire abin tokarar, gurza ta ciki ka sa falle biyu masu faɗi.

Gam in ya taɓa fata a wanke da sabulu da ruwa, ruwan kal ma yana cire shi, kar a wanke hannu da asiton ko tina don suna tura shi cikin fata ne. Akwai masu aikin da jikinsu ya daina jure efoksi gaba ɗaya saboda aiki da hannu tsirara, da sun kusance shi sai ƙuraje, kuma in ya fara baya barin mutum. Safar hannu ba tsada.

7. Bayan ya bushe

Bar shi awa 24 aƙalla, da sanyin Disamba da Janairu ma ka ƙara kwana. Cire ledar. In akwai inda leda bata rufe ba zaka iya jin wani maiƙo-maiƙo a sama, wannan daga hadina yake fitowa, ruwa da soso ne ke cire shi, asiton baya yi. Wanke shi tukuna ka busar kafin sanfefa, in ba haka ba zai toshe sanfefar kuma fenti ba zai kama ba. Gurza da 80 ka daidaita, shafa tafin hannu ka ji inda ya lotsa ka sake cikawa da mai kauri, sai 120, sai 220. In sanfefa na fitar da gari toh ya bushe, in tana dunƙulewa bai yi ba. Wanda ya kwana biyu yana danƙo kuwa ma'auni ne ya kuskure, babu abin da zaka shafa a kai ya gyaru, kankare shi za a yi a sake daga farko.

8. Fenti da komawa ruwa

Rana tana cin efoksi, in aka bar shi tsirara rawaya yake yi ya fara gari, balle ranar Kano. Shafa gam tsura falle ɗaya ko biyu a kan facin don toshe ƙofofin zare, in ya bushe wanke ka gurza da 220, sai fenti. Fentin mota mai hadina yana yi sama da layin ruwa, ƙasa kuma in jirgin kwana yake a ruwa ka nemi fentin efoksi ko na jirgi. Jelkot, wato fatar waje mai ƙyalli da jirgin ya zo da ita, foliyesta ce, bata cika son zama a kan efoksi ba sai ya bushe sarai an wanke an gurza, ga mai koyo fenti ya fi sauƙi.

Kar gaggawar kasuwa ta sa ka jefa shi ruwa washegari, na san kwana ɗaya ba aiki asara ce ga mai iyali, amma efoksi na ɗaukar kwana biyar zuwa bakwai kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, ko ba komai ka ba shi kwana uku. Jirgin fito rayukan mutane yake ɗauka, mata da yara 'yan makaranta. Ranar gwaji ka sake ƙwanƙwasa facin da kwabo ka ji sautin ya yi daidai da sauran jikin, sannan ka sauke shi a bakin gaɓa ba fasinja, sa buhunan yashi ya nutsa zuwa layin da ya saba, ka shimfiɗa busasshiyar takarda a kan facin ta ciki ka bar shi awa ɗaya. In takardar ta fito a bushe sai ka ɗauki lodi, kuma a satin farko kullum da safe ka leƙa wajen kafin ka tashi.